Fatar Kifi: Kaushin da ba na Hunturu ba



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau, in an faɗe shi a taƙaice, mutum zai ce bai isa a tara jama'a dominsa ba, watau kaushin fata. Wane ne a cikinmu bai san kaushi ba? Daga watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta kaɗo daga arewa maso gabas, har zuwa ƙarshen Fabrairu, duk wanda ya bi hanya da sassafe tsakanin Tudun Wada da Badikko zai ga 'yan makaranta da ƙwauri fari fat kamar an barbaɗa musu toka, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Wannan kaushi maganinsa yana cikin kowane ɗaki: man kaɗanya, ko basilin, ko kuwa haƙuri har damina ta sauka. Maganata a kan wani kaushi ne dabam, wanda yakan zo wa baligi da rana tsaka alhali bai taso da shi ba, ya ƙi jin mai, ruwa ya sauka a watan Mayu shi kuwa yana nan daram. Fatar ƙwauri da ta cinya da ta gadon baya sai ta tsattsage gida-gida, kowane gida da ɗan ɓawonsa mai duhu, kamar ɓamɓarokin kifi, ko kamar bakin tafki bayan ruwa ya janye. Likitoci suna kiransa iktiyosis, daga kalmar Girkanci mai nufin kifi. Mu sai mu ce fatar kifi.

Kafin a gane ciwon sai an san yadda fata take. Fatar babban mutum, in da za a shimfiɗa ta, ta kusa murabba'in mita 2. Ɓangarenta na sama kullum cikin sabuntawa yake. Ana haifar ƙwayoyin halitta daga can ƙasa, suna hawowa sannu a hankali, suna bajewa, su mutu, su zama wani siririn rufi, sa'an nan su kakkaɓe ba tare da mun lura ba. Tafiyar tana ɗaukar kimanin mako 4. Shi wannan rufi na sama gininsa kamar ginin katangar ƙasa ne irin tamu. Matattun ƙwayoyin su ne tubali, wani maiƙo da fata take yi da kanta kuwa shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ke riƙe su. A cikin kowane tubali akwai sinadarai masu jawo laima su riƙe ta, yawancinsu daga wani furotin suke fitowa mai suna filagirin. Tun 1952 wani masani a Amurka, Irvin Blank, ya nuna cewa laushin wannan rufi ya dogara ne ga ruwan da ke cikinsa, in ruwan ya yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100 sai ya bushe ya tsage. Abin da hunturu yake yi mana ke nan daga waje. A fatar kifi kuwa daga ciki ɓarnar take: ginin ne ya lalace, tubalan da ya kamata su faɗi ɗaya-ɗaya sai su manne wa juna su taru, har su zama ɓawon da ido yake gani.

Fatar kifi iri biyu ce. Akwai ta gado, wadda takan bayyana tun yaro yana ƙarami, galibi kuma in an bincika za a tarar uwa ko uba ko wani kawu yana da ita. A Ingila an ƙiyasta mutum 1 cikin 250 yana da mafi sauƙinta, a shekarar 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Dandi ta Sukotilan suka gano cewa tangarɗa ce a ƙwayar gadon filagirin ɗin nan. Mai ita yakan rayu da ita har tsufa, ba abin da take yi masa sai ɗawainiyar shafa mai. Ta biyun ita ce ta samuwa, wadda ta zo bayan girma. A ido, har ma a ƙarƙashin madubin likita, su biyun suna kama ƙwarai. Abin da ya raba su tambaya ɗaya ce: yaushe ta fara? In mutum ya ce tun yana yaro, sai hankalin likita ya kwanta. In ya ce bara, ko wata 6 da suka wuce, to aiki ya samu, gama ita ta samuwa ba safai take zuwa ita kaɗai ba. 'Yar aike ce. Hausawa sun ce jiki magayi, ban kuwa san wurin da wannan magana ta fi dacewa ba kamar nan.

To wa ya aiko ta? A ƙasarmu wajibi ne a fara da abin da ya fi yawa. Kuturta tana kawo ta, musamman a ƙwauri, haka kuma ɗaya daga cikin magungunan kuturtar, kulofazimin, yana busar da fata ya ƙara mata duhu. Ƙanjamau yana kawo ta idan ya ci jiki. Tamowa da doguwar zawo suna kawo ta, da ciwon ƙoda wanda ya daɗe, da raunin halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, da wasu magunguna na rage kitsen jini. Akwai kuma sankarar kaluluwa, wadda Thomas Hodgkin ya bayyana a Landan cikin 1832. A 1943 wani likitan fata a Amurka, Ronchese, ya lura da cewa masu wannan sankara fatarsu takan yi ɓamɓaroki, har yau kuwa ita ce sankarar da aka fi dangantawa da fatar kifi ta samuwa. Saboda haka duk likitan kirki zai laluba wuya da hammata da matsematsi, ya tambayi zufar dare da rama.

Bayan waɗannan sai wani dangi na cututtuka wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. Gaskiya ita ce fatar kifi tsantsa ba ta da yawa a cikinsu. Rahotannin da aka buga na mutum ɗaya ne, mutum biyu, kamar wanda ya fito a wata mujallar likitocin fata ta Amurka a 1980 game da mai ciwon lufus. Amma in aka haɗa da sauran ɓawo da saɓa iri-iri da wannan dangi yake haifarwa, sai a ga fata ce ƙofar da ciwon ya fi leƙowa ta cikinta, ita ce kuma ƙofar da muka fi yi wa kuskuren fassara.

Jikin mutum yana da wata saƙa da ke ɗaure shi wuri ɗaya. Ita ce ƙarƙashin fata, ita ce a gaɓoɓi da jijiyoyi, ita ce bangon hanyoyin jini, tana cikin ƙoda da huhu da tantanin zuciya. Babban zarenta shi ake kira kolajin. A 1942 wasu likitoci uku a birnin Niyok, Klemperer da Pollack da Baehr, suka lura cewa wasu cututtuka da ake ɗauka ba ruwan wani da wani, duk a wannan saƙa suke ɓarna, suka tara su a gida ɗaya. Daga baya aka gane mai ɓarnar. Allah ya yi wa jiki garkuwa, watau rundunar da ke gane baƙo, ƙwayar cuta ko guba, ta yaƙe shi. A farkon ƙarni na 20 babban masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, yana ganin jiki yana da abin da ke hana wannan runduna juyowa kansa. Galibi haka ne. Amma a wasu mutane shingen yakan karye, dogarin gida ya ɗaga kulki a kan mai gida, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ba ƙwayar cuta ba ce ta shigo, saboda haka ba a ɗauka, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure. Ina roƙon ku riƙe wannan, domin zan komo kansa.

Babba a cikin dangin shi ne lufus. Sunan Latin ne, ma'anarsa kyarkeci, don mutanen da suna ganin tabon da yake bari a fuska kamar cizon dabba. Cazenave a Faris ya raɗa masa cikakken sunansa a 1851, Kaposi a Biyana ya nuna a 1872 cewa ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga ciki har ya yi kisa. A 1948 Hargraves, a asibitin Mayo na Amurka, ya ga wata ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar 'yar'uwarta, wannan ya zama gwajin farko na ciwon. Cikin kowane mutum 10 masu lufus, kimanin 9 mata ne, yawancinsu kuma tsakanin balaga da shekara 45, watau lokacin karatu da aure da haihuwa da aiki.

A fata lufus yana da fuska fiye da ɗaya. Wadda littattafan Turai suka fi zanawa ita ce jan tabo a kumatu biyu da karan hanci, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ɗalibanmu na likita su yi hattara da wannan hoto, gama a baƙar fata ja ba ya fitowa ja. Duhu-duhu yake yi, ko ya yi kamar ƙuna, mai neman ja zai wuce shi bai gani ba. Wadda ta fi shafar maganarmu ita ce mai kama da kwabo. Tabo ne zagayayye a kumatu, ko cikin kunne, ko leɓe, ko tsakar ka, da ɓawo manne a kansa. In an ɓamɓare ɓawon aka juya shi, za a ga 'yan ƙayoyi a ƙarƙashinsa, waɗanda suka toshe ramukan gashi. Da daɗewa tsakiyar tabon takan lotsa ta yi fari, gefensa ya yi baƙi ƙirin, in kuwa a ka ne gashin wurin ya tafi ke nan har abada. Wannan ba labarin nesa ba ne. A 1979 likitoci biyu da suka yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello na nan Kaduna, Jacyk da Damisah, suka buga bayanin irin wannan lufus a jikin 'yan Nijeriya cikin mujallar likitocin fata ta Birtaniya. Yawancin masu wannan tabo ciwonsu a fata yake tsayawa, amma a wasu yakan shiga ciki, shi ya sa ba a sallamarsu gaba ɗaya. Akwai kuma iri na uku, wanda aka keɓe shi da suna a 1979, mai fitowa zobe-zobe da saɓa a kafaɗa da ƙirji da hannu, wuraren da rana take duka. Shi wannan sau da yawa makero ake ce masa, a yi ta shafa maganin makero wata da watanni.

Yanzu sai mu ɗauki misali. A ce ga wata malamar makaranta, shekararta 28. Ta fara jin gajiya da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, aka ce cizon sauro ne, ta sha magani. Ya dawo aka ce taifot ne. Yatsunta da gwiwoyinta suna ciwo da safe, aka ce sanyi ne. Gashinta yana zuba a mataji, aka ce kitso ne ya yi tsauri. Ta yi ɓari sau biyu, aka fara maganar sammu. Ƙwaurinta ya yi ɓamɓaroki, aka ce hunturu ne. Sa'an nan fari ya fito mata a kumatu, sai dangin miji suka fara raɗa, aka ware mata kwano. Kowace alama an ba ta suna, kowane suna kuma yana da mai maganinsa, ba wanda ya tara su wuri ɗaya ya ce ashe duk ciwo ɗaya ne. A duk tsawon wannan lokaci kuwa akwai inda ake ɓarna ba ƙara ba zafi, watau ƙoda. Kusan rabin masu lufus na ciki yakan taɓa musu ƙoda, a baƙar fata kuma ya fi yawa, ya fi tsanani. Kafin fuska ta fara kumbura da safe, fitsari ya fara kumfa, an riga an yi nisa. Alhali kuwa ɗan tsinken takarda da ake tsomawa cikin fitsari, wanda ake samu a ƙaramin asibiti, zai iya nuna furotin yana yoyo tun ana iya tare abin. In ba ku tafi da kome daga wannan zaure ba, ku tafi da wannan tsinke.

Batun kuturta kuwa, bambancewa ba ta da wuya. Tabon kuturta ba ya jin taɓi: a rufe idon mutum a shafa masa auduga a wurin, ba zai sani ba, jijiyar gwiwar hannu ko ta bayan gwiwa kuma takan yi kauri. Tabon lufus yana ji sarai. In an yi shakka, ga cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta a Saye kusa da Zariya. Ko da ma kuturtar ce, tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna masu warkar da ita, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wani abin da ya kamata magidanta su sani: jinin wasu masu lufus yakan yaudari tsohon gwajin tunjere ya nuna akwai ciwon alhali babu. Aure yana iya mutuwa a kan wannan takarda. Akwai gwaji na biyu mai tantancewa, kada a yanke wa kowa hukunci kafin a yi shi.

An daɗe ana koyar da cewa lufus ba ciwon Afirka ba ne, labarin yadda aka yi haka kuwa ya shafe mu. A 1968 wani matashin likita Bature a asibitin koyarwa na Ibadan, Brian Greenwood, ya duba littattafan marasa lafiyar da aka kwantar, ya ga cututtukan garkuwa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Turai. Ya kawo shawara cewa watakila zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da muke fama da su tun yarinta suna shagaltar da garkuwa, su hana ta juyowa kan jiki. Ba zancen banza ba ne. A 1970 shi da abokan aikinsa sun nuna cewa ɓerayen da ke da gadon irin wannan ciwo, in an sa musu zazzaɓin cizon sauro ciwon yakan lafa. Shi ne kuma ya zo Zariya ya yi shekara 10 yana aiki a kan sanƙarau da zazzaɓi, aikin da ƙasar nan ba za ta manta ba. Abin mamakin shi ne, jikokin mutanen Afirka ta Yamma da ke Amurka da Ingila suna cikin waɗanda lufus ya fi kamawa a duniya, matansu sun ninka Turawa sau 2 zuwa 3. A ganina littafin asibiti ba ya ƙirga masu ciwo, yana ƙirga waɗanda suka iso ne, aka kuma gane abin da ke damunsu. Matar da ta mutu da kumburi a ƙauye, ko aka rubuta mata ciwon ƙoda kawai, ba ta shiga lissafin. Da aka sami likitocin gaɓoɓi da kayan gwaji sai lissafin ya sauya. A 2009 Farfesa Adelowo da abokin aikinsa Oguntona suka ba da rahoton masu lufus 66 cikin mutum 1,250 da suka gani a asibitin gaɓoɓi a Legas cikin shekara 6, kusan dukkansu mata. Mai yiwuwa shawarar Greenwood tana da rabonta na gaskiya, amma ba ta isa hujjar da likita zai ƙi tunanin lufus a Kaduna ba.

Sauran 'yan gidan zan bi ta kansu da sauri. Akwai ciwon ƙandarewar fata, inda kolajin yake taruwa fiye da kima, fatar yatsu ta ɗaure ta yi sheƙi har a kasa dunƙule hannu, baki ya tsuke, tuwo ya riƙa tsayawa a ƙirji. A jikinmu yana da wata alama da ba a cika gani a Turawa ba: fatar goshi ko ƙirji ko bayan wuya ta yi ɗigo-ɗigon fari da baƙi kamar zanen zabo. Sau da yawa abin da ke fara zuwa shi ne yatsu su koɗe su mutu in an taɓa ruwan sanyi, kamar wajen alwalar asuba da hunturu, alamar da Raynaud ya bayyana a Faris cikin 1862. Haɗarinsa yana huhu da ƙoda. Akwai wanda Sjögren na Suwidin ya bayyana a 1933, mai busar da hawaye da yawu da fata.

Wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa shi ne ciwon fata da tsoka. Ɓawonsa a kan gaɓoɓin yatsu yake fitowa, ta bayan hannu, da gwiwar hannu da ta ƙafa. Fatar ido ta kumbura ta yi duhu. Gefen yatsu ya yi kaushi ya tsage kamar hannun makanike, ga mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba. Sa'an nan tsokar cinya da ta kafaɗa su raunana. Mutum ya kasa tasowa daga sujada sai ya dafa, mace ta kasa ɗaga hannu ta taje kai, ma'aikaci ya riƙa hutawa a tsakiyar matakalar ofis. An ba da rahoton fatar kifi tare da shi ma. A babban mutum, musamman wanda ya haura 40, wani lokaci sankara ce a ɓoye take tayar da shi, ta ƙwan mace ko huhu ko hanji, saboda haka akan ci gaba da bincike har shekara 3 bayan bayyanarsa.

Me likita zai yi? Mafi yawan aikin da kunne da ido da hannu ake yinsa: tarihin ciwon, magungunan da ake sha har da na gargajiya, duban fata duka har tsakar ka da cikin baki. Sa'an nan awon jini da fitsari, gwajin ƙanjamau, aikin ƙoda da na halittar wuya, hoton ƙirji. In zato ya ƙarfafa sai a yi gwajin da ake kira ANA, wanda yake nunawa a jinin fiye da kashi 95 cikin 100 na masu lufus na ciki; sai dai yana nunawa a wasu masu lafiya ma, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wani lokaci akan yanki 'yar fata kamar ƙwayar dawa a duba. Daga asibitin unguwa, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ana iya tura mutum asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ita fatar kanta kulawarta ba tsada. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba; sabulu marar kaifi, a bar masu maganin kashe ƙwayoyin cuta; kada a dirje da dutse ko soso mai kaushi, gama dirza ƙara tsaga katangar take yi. A shafa mai tun jiki da laima, kafin ya bushe. Man kaɗanya da basilin suna aiki, mai ɗauke da sinadarin yuriya kashi 10 cikin 100 ya fi su narkar da ɓawo. Amma duk wannan yaɓe ne. Ɓawon yakan tafi ne sa'ad da aka shawo kan ciwon da ya aiko shi, in kuma ya dawo, sau da yawa alama ce ciwon ya motsa.

Maganin lufus na yau da kullum ɗan'uwan wani tsohon abokinmu ne. Tun 1894 wani likita a Landan, Payne, ya gwada kwinin a kan tabon lufus. Wanda ake amfani da shi yanzu, haidiroksikulorokwin, ƙanen kulorokwin ne, wanda Nijeriya ta daina dogara da shi wajen zazzaɓi a 2005. Yana kwantar da fata da gaɓoɓi, yana rage tashin ciwon, yana kare ƙoda, mai ciki ma tana shansa. Sharaɗinsa a auna shi da nauyin jiki, a kuma riƙa duba ido, domin in an daɗe ana sha yana iya taɓa gani. Mu kuwa ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a garinmu. Za ku tuna a watan Maris na 2020, da aka yi ta yayata cewa waɗannan magunguna suna warkar da korona, mutane suka wawashe su, har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha fiye da kima, masu lufus a ƙasashe da dama kuwa suka rasa abin da ransu ya dogara a kai. Ban da magani, mai lufus ya guji zafin rana, da laima ko malafa ko mayafi, ya bar taba, ya kuma faɗa wa duk mai rubuta masa magani ciwonsa, don magungunan salfa irin su Septrin suna iya tayar da shi. Mace tana iya haihuwa lafiya, amma an fi so ciwon ya yi wata 6 a kwance kafin ta ɗauki ciki, yawan ɓarin nan ma in daskarewar jini ce ta kawo shi akwai maganinsa.

Sai kotizon da danginsa, irin su firednisolon. Hench ya fara ba marar lafiya shi a 1948, aka ba shi kyautar Nobel a 1950. A wani bincike na 1955 a Amurka, rabin masu lufus ba sa wuce shekara 4 bayan an gano ciwon. Yau a ƙasashen da ke da kulawa fiye da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10, wannan magani kuwa yana da babban rabo a cikin sauyin. Amma wuƙa ce mai kaifi biyu, a nan kuma nake da ƙorafi. Ana sayar da shi a kan kanta ba takardar likita. Yana cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata suke kira sha-ka-fashe, mafi ƙarfinsa kuma yana cikin mayukan bilicin. Mai tabon lufus in ta shafa irin wannan mai tabon zai dushe, ta ɗauka ta warke, likita kuma ya rasa abin da zai gani, ƙoda tana can tana lalacewa. Mai shan ƙwayar ba ƙa'ida kuwa, ga kumburin fuska, ga ciwon sukari da hawan jini, ga ƙashin ƙugu yana mutuwa, ga tsohon tarin fuka yana farkawa. Wanda ya daɗe yana sha kuma in ya yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa, domin jikinsa ya daina yin nasa. A hankali ake rage shi, a hannun likita.

Kalma ɗaya ga ma'aikatan da ke nan, musamman shugabannin ofisoshi da na makarantu. Wannan ciwo tashi yake yi ya kwanta. Ma'aikaciya tana iya zuwa Litinin garau, Laraba ta kasa riƙe alƙalami, ba kuwa rauni a jikinta da za ta nuna. In ta kawo takardar likita kada a ɗauke ta malalaciya, in aikinta na tsayuwa cikin rana ne a sauya mata wuri. Ciwo ne na shekaru, gwaji da magani ba sa yankewa, albashi ɗaya ba ya ɗaukarsu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Masu zama a kwamitocin da ke tsara abin da inshora za ta biya su duba ko gwajin ANA da haidiroksikulorokwin suna cikin jerin, su kuma gwada kuɗinsu na shekara guda da kuɗin wankin ƙoda na wata ɗaya.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika. Masu tambaya a kan jikinsu su same ni bayan an tashi, sauran tambayoyi kuwa ina saurare.